Jakar da na ɗinka da hannuna za ta iya zama bincike a jami'a?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗan Marwa ne, gidanmu gidan dukawa ne tun kaka da kakanni, kuma tun ina shekara tara nake riƙe basilla a gaban mahaifina. Yanzu ina shekarar ƙarshe ta mastar a fannin fasaha a wata jami'a ta ƙasar nan tamu Kamaru. Na so in yi memwar ɗina, wato kundin kammala karatu, a kan dukanci, in haɗa da kayan da zan ɗinka da hannuna, sai wani malaminmu ya ce jaka ba bincike ba ce, in je in yi karatu in rubuto. Da na koma gida kuma Baba ya ce me boko zai koya mini game da fata wanda shi bai koya mini ba. Na rasa ta cewa. Shin aikin hannu yana iya zama binciken ilimi? Kuma in na gama ina son koyar da yara a lekol, wato makarantar boko, to wannan abu yana da amfani gare su, ko wasa ne kawai?"

Barka kadai, ɗana. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Tambayarka biyu ce a baki, amma saiwarsu ɗaya: abin da hannu ya sani, ana iya kiransa ilimi har a kai shi gaban malaman da za su zauna maka sutnans, wato ranar da za ka kare aikinka, ko a shiga da shi aji a koya wa yara? Na daɗe ina duba ayyukan ɗalibai a wannan fanni, kuma amsata ita ce e, yana iya zama, amma da sharaɗi. Malaminka bai faɗi ƙarya ba. Jaka in an ajiye ta a kan tebur, komai kyanta, abin da take nunawa shi ne ka iya ɗinki, alhali su malaman abin da suke nema shi ne mene ne ba a sani ba a da, wanda aikinka ya sa yanzu aka sani, kuma ta yaya wani zai bi sawunka ya tabbatar. Abin da nake jin ya rage a maganarsa shi ne, akwai sanin da ba a kai gare shi sai ta hanyar ɗinka jakar. Wanda ya zauna a ɗakin karatu kaɗai ba zai taɓa cin karo da shi ba, kai kuwa an haife ka a bakin ƙofarsa.

Inda gardamar ta samo asali

Kada ka ɗauka kai kaɗai aka taɓa faɗa wa haka. A Ingila an sha wannan muhawara sosai bayan 1992, lokacin da aka mayar da manyan makarantun koyon sana'a jami'o'i. Makarantun zane da ƙira da yawa suna cikinsu, sai malamansu suka wayi gari ana ce musu in suna son kuɗin bincike su nuna binciken da suke yi. Mai zane ya ɗaga zanensa, aka ce masa ina rubutun? A 1993 wani malami a Landan, Christopher Frayling, ya rubuta wata 'yar maƙala da har yau ake komawa gare ta. Ya ce akwai bincike a kan fasaha, wato irin na masanin tarihi da ke tsaye a waje yana duba aikin wasu. Akwai bincike ta hanyar fasaha, inda mutum yake yin aikin da kansa, yana gwada kayan aiki, yana rubuta abin da ya faru mataki-mataki. Sannan akwai binciken da ake yi domin a samar da abin kansa, inda duk tunanin yana cikin abin da aka ƙera, kuma shi da kansa ya yarda wannan na ukun shi ne mai ƙaya. Malaminka na farkon yake nufi, kuma na ukun yake ƙi. Kai na tsakiyar ya kamata ka riƙe. Da Faransanci za ka same shi da sunan recherche-création, kuma jami'o'in Kanada masu amfani da Faransanci sun yi nisa a kansa, don haka ba za ka rasa abin karantawa a harshen da kake karatu da shi ba.

Mu a nan abin sabo ne, shi ya sa ake ɗari-ɗari. Jami'ar Ngaundere a 1993 aka kafa ta, ta Marwa a 2008, ta Garwa kuwa jiya-jiya, a 2022. Cibiyoyin koyar da fasahar zane na Fumban da Nkongsamba su ma ba su tsufa ba. Yawancin waɗanda ke koyar da fasaha a yau ta ƙofar tarihi ko ilimin al'umma ko binciken kufai suka shigo, kuma kowa da irin ma'aunin da aka auna shi yake auna ɗalibinsa. Duk da haka ba a rasa misali a gida ba. Tun shekarun 1990 aka ƙulla alaƙa tsakanin Ngaundere da jami'ar Tromsø ta ƙasar Norwe, kuma 'yan arewacin Kamaru sun je can sun yi mastar inda ake miƙa fim tare da rubutu, a duba su a matsayin aiki ɗaya. In fim ya samu shiga a haɗe da rubutu, ban ga dalilin da zai hana fata ba.

Abin da Baba ya sani

Yanzu ga maganar Baba, wadda ta fi ta malamin nauyi a wurina. Wani masani mai suna Michael Polanyi ya rubuta a 1966 cewa ɗan Adam ya san fiye da abin da zai iya faɗa. Kana gane fuskar ƙaninka cikin mutum dubu a kasuwa, amma a ce ka kwatanta ta yadda baƙo zai gane ta, sai ka kasa. Sanin sana'a mafi yawansa irin wannan ne. Yana cikin yatsu da hanci da ido, kuma mai shi ba ya jin bukatar ya mayar da shi magana, domin ɗansa yana zaune a gefensa yana gani.

Ni wannan ban fahimce shi daga littafi ba. Wata damina, ina sabon malami, na je wurin wani dattijon baduku a nan Marwa da takarda ɗauke da tambayoyi ashirin da na rubuta da Faransanci na juya su Hausa. Ya karɓe ni da mutunci, aka kawo shayi, na yi ta tambaya yana amsawa. Me ya sa kuke yanka nan ba nan ba? Haka muka taras. Me wannan zane yake nufi? Ado ne. Kwana uku ina zuwa, abin da na tara bai cika shafi biyu ba. Ran na huɗu na bar takardar a gida, na roƙe shi ya ba ni aiki. Ya turo mini wata fatar akuya ya ce in fitar masa da maratayin gafaka. Na duba inda ya fi faɗi da laushi, wajen ciki, na ja wuƙa na fitar da tsiri mai kyau miƙaƙƙe. Bai ce uffan ba. Ya karɓa, ya naɗe bakin nan a yatsa, ya naɗe wancan, ya ja a hankali, ina kallo tsirin ya yi ta ƙaruwa yana sirancewa. Sai ya yanko wani daga gadon baya, ya miƙo mini ya ce in ja. Na ja iya ƙarfina, ko gezau. Sannan ya ce: "Ciki numfashi ya saba, baya kuwa ɗaukar nauyi. Akuyar ta mutu, amma fatar ba ta manta ba." Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya nuna mini inda wuya yake da kauri da tamoji, inda hammata take da rauni, yadda ake shinshina fata a gane ko bagaruwa ta ratsa ta ko majemi ya yi gaggawar tsamo ta. A yini ɗaya na samu abin da tambayoyina ashirin ba su ko doshi wurinsa ba, kuma kuskuren da na yi da hannuna ne ya jawo shi.

Masana da dama sun bi wannan hanya da gangan. Trevor Marchand ya zama lebura a ƙarƙashin maginan Jenne a Mali, yana miƙa tubali da laka, don ya gane yadda suke koyo da koyarwa. Jean Lave kuma ta zauna da teloli a Monrobiya ta Laberiya a shekarun 1970, ta lura da wani abu da za ka gane nan take: yaron shago daga ƙarshen aiki yake farawa. Guga da sa maɓalli da kalmasa ake fara ba shi, sai daga baya ya hau keke, yanka kuwa shi ne na ƙarshe. Dalili biyu ta gani. Yaro yana fara riƙe riga gamammiya a hannunsa, ya san siffar abin da ake nufa kafin ya san gutsattsarinsa, kuma kuskuren da ya fi tsada, wato ɓata yadi, an ajiye shi sai hannu ya nuna. Tuna yadda Baba ya bi da kai. Na tabbata ka daɗe kana shafa mai da murza zare da huda kafin ya yarda ka sa wuƙa a fata sukutum. Wannan manhaja ce cikakkiya, da matakanta da jarrabawarta, illa dai ba wanda ya rubuta ta. Saboda haka in Baba ya ce boko ba zai koya maka fata ba, ka ce masa gaskiya ne. Abin da boko zai ba ka shi ne yadda za ka fito da abin da ya koya maka fili, ka gwada shi, ka ajiye shi inda jikan da bai taɓa zama a rumfar ba zai same shi.

Abin da ke mayar da jaka bincike

Farko dai tambaya. "Dukanci a Marwa" take ne, ba ya neman amsa, kuma an riga an yi rubutu mai kyau a kan tarihin sana'ar. Nemi ayyukan François Wassouni, masanin tarihi da ya yi shekaru a kan sana'ar fata a yankin Arewa Mai Nisa, ka karanta su da kyau, don ka san inda aka tsaya kuma ka nuna wa malaminka ka yi karatun da ya ce. A Zariya ma David Heathcote ya yi digirinsa na dakta a 1979 a kan surfanin tufafin Hausawa, su aska takwas da tambari da dagi, kuma yadda ya bi zane ɗaya-ɗaya abin koyi ne. To kai me za ka ƙara? Abin da hannu ne kaɗai zai iya amsawa.

Bari in ba ka misali guda in bi shi har ƙarshe. Dattawa suna cewa jan karan dafi ya fi jan garin rini na kasuwa daɗewa, matasa kuma suna cewa wahala ce kawai. Wa ya taɓa gwadawa ya rubuta? Ka samu fatun akuya da aka jeme a majema ɗaya, a lokaci ɗaya. Daga gadon bayan kowace ka fitar da tsiri-tsiri masu faɗi ɗaya, kada ka haɗa na ciki da na baya, in ba haka ba ba za ka san ko rinin ne ya bambanta ko fatar ba. Wasu ka rina da karan dafi yadda Baba yake yi, ka auna komai: nauyin karan, yawan ruwa, abin da yake zubawa don launin ya fito, tsawon lokacin da ya jiƙa. Wasu ka rina da na kasuwa. Kowane tsiri ka sa masa lamba, ka rufe rabinsa da kwali, ka shanya su a rana wuri ɗaya, ka riƙa ɗaukar hotonsu duk mako a sa'a ɗaya, a kan farar takarda ɗaya. Wasu ka goga su da jiƙaƙƙen farin ƙyalle ka ga wanda ke zuba. Sannan ka ɗinka jaka biyu iri ɗaya, ɗaya da kowane rini, ka ba mutum biyu su rataya wata uku, zufa da ƙura su yi aikinsu. Ran sutnans in ka ajiye jakunkunan nan a tebur tare da tsirukan da hotunan, babu mai cewa ado ka kawo, domin hujja ce da za a ɗaga a juya a duba.

Haka baƙin kuloko. Abin da ke sa fata ta yi baƙi shi ne haɗuwar ƙarfe da sinadarin da bagaruwa ta bari a jikinta, irin haɗin da Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna yin tawada da shi. Dukawa sun san in ya yi yawa fatar takan yi tauri ta tsattsage daga baya. Ina iyakar? Wannan tambaya ce da ɗalibin kimiyya zai so ya tayaka, kuma ina ba ka shawara ka nemi ɗaya.

In kuma zuciyarka ta fi karkata ga zane da siffa, akwai wata ƙofar. Tun da aka sace wasu Faransawa kusa da Waza a 2013, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga yankinmu, kuma kowa ya ga yadda rumfunan masu sana'ar hannu suka yi sanyi. Wanda ya saba ɗinka tumtum da alabe don Bature dole ya koma neman mai saye na gida. Me ya canza a kayan? Wane zane aka bari, wane aka ɗauko? Kana iya ɗinka abu ɗaya a siffa uku, ka kai wa tsofaffin dukawa da 'yan kasuwa da matan da ke saye, ka rubuta abin da kowa ya ce da abin da hannunsa ya fara taɓawa. Ɗaliban zane na Zariya irin su Uche Okeke da suka kafa ƙungiyarsu a 1958 tambayar da suka yi ke nan a nasu fannin, wato yadda za a ɗauki zanen gida a yi sabon abu da shi ba tare da an zama mai kwaikwayon kaka ko mai kwaikwayon Bature ba. Sai dai wannan hanya ta fi wuyar karewa a gaban malamai, domin kyau ba ya hawa sikeli, kuma ga mai shekara ɗaya a hannu na fi son ta farkon.

Kowace ka ɗauka, ranta yana cikin littafin aiki. Ka sayi kaye mai kauri, ka ajiye shi kusa da wuƙarka. Kullum ka sa kwanan wata, abin da ka yi niyya, abin da ya faru, abin da ka canza da dalilinsa. Wanda ya lalace kada ka jefar, liƙa guntunsa a shafin. Ɗalibaina sukan so su ɓoye abin da ya ɓaci su nuna mai kyau kaɗai, alhali a wurin da abu ya ƙi ne ake ganin tunanin mai aiki. Wani masani, Donald Schön, ya yi rubutu a 1983 a kan yadda gwani yake tunani a tsakiyar aiki, kayan aikin suna ba shi amsa yana sauya dabara, kuma littafin aikin nan naka shi ne kaɗai tarkon da zai kama maka wannan tunani kafin ya tsere. Wani abu kuma da nake naci a kansa: maganar Baba da ta abokan sana'arsa ka rubuta ta da harshen da aka faɗe ta, Hausa ko Fulatanci, daga baya ka juya. Kalmomin da baduku yake bambanta fata da su sun fi waɗanda za ka samu a ƙamus ɗin Faransanci yawa, kuma in ka juya tun a rumfa, bambancin ya tafi ke nan.

Haƙƙin masu sana'a

Wannan ina faɗarsa da zafi, domin na ga an yi ba daidai ba. Mutum ya zo ya zauna da tsoho wata da watanni, ya kwashe abin da tsohon ya tara a shekara hamsin, ya je ya zama dakta, a cikin littafin kuma a kira tsohon "wani mai ba da bayani". Kai da yake gidanku ne, nauyin ya fi yawa a kanka. Duk wanda ya koya maka abu ka tambaye shi ko yana son a sa sunansa, in ya yarda ka sa shi a inda ake sa sunan masana. Kowace sana'a kuma tana da asirinta. Akwai haɗin da gida yake ci da shi, wanda in ya fita kasuwar gidan ta tafi. Kafin ka rubuta ma'aunin rinin Baba ka zauna da shi, ka gaya masa memwar takan shiga ɗakin karatu, wataƙila har intanet, kowa ya gani. Abin da ya ce a bari, a bar shi, kuma ka faɗa a cikin aikin cewa akwai abin da ka sani ka ƙi rubutawa bisa amana. Malamin kirki zai girmama wannan.

Ka kuma yi hattara da kusancinka. Ɗan gida yana ganin abin da baƙo ba ya gani, amma akwai abin da ya saba da shi har ya daina ganinsa, kuma yana da wuya mutum ya rubuta cewa hanyar mahaifinsa ta gaza ta maƙwabci. Maganin shi ne ka zauna a wata rumfar da ba taku ba, ko da mako uku ne, zai fi kyau ma wurin wanda ba Bahaushe ba, tunda sana'ar fata a Marwa ta haɗa Hausawa da Barebari da Fulani da wasunsu.

Batun yara a lekol

Za ka ji ana cewa zane da kiɗa suna sa yaro ya fi iya lissafi. Kada ka jingina da wannan. Ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta tattara binciken da aka yi a kan batun ta fitar da rahoto a 2013, kuma abin da ya fito shi ne yawancin hujjojin suna nuna cewa yaran da ke yin fasaha sukan yi ƙoƙari a karatu, amma ba su tabbatar da cewa fasahar ce sanadi ba. Inda hujja ta yi ƙarfi shi ne wasan kwaikwayo a aji, wanda yake taimakon fahimtar karatu da iya magana. Wannan ma abin lura ne gare mu, da yaro yake shiga aji da Hausa ko Fulatanci ko Giziga a bakinsa a tarbe shi da Faransanci. Amma ni ban ga dalilin da zai sa sai aikin hannu ya yi wa lissafi bara kafin a ba shi wuri ba. Wasu masu bincike a Boston, Lois Hetland da Ellen Winner da abokan aikinsu, sun zauna a azuzuwan zane suna kallon abin da ake koya a zahiri, suka ga yara suna koyon duba abu da kyau, da naci in aiki ya ƙi, da hango abu a zuci kafin a yi shi, da iya duba aikin kai a faɗi inda ya gaza. Duk wanda ya tashi a rumfar sana'a ya san waɗannan, kuma su ne ajin haddar allo da alli ya fi ƙarancin bayarwa.

Na taɓa raka wani ɗalibina gwajin koyarwa a wata firamare a bayan gari. Yara sun haura tamanin, ba takardar zane, ba fenti. Ya sa aka ɗebo yumɓu daga bakin mayo, wato kogi, ya ce kowa ya gina 'yar tukunyar da za ta riƙe ruwa. Bayan kwana biyu aka dawo, fiye da rabi sun tsage. Ya tambayi dalili da Faransanci, aji ya yi tsit. Da ya sake tambaya da Fulatanci, sai wata yarinya daga can baya, wadda malamin ajin ya ce bai taɓa jin muryarta ba, ta taso ta ɗauki wata fasasshiya ta juya gindinta. Ta ce gindin ya fi baki kauri, kuma an shanya ta a rana maimakon inuwa, sannan ba a daka tsingaro an zuba a yumɓun ba. Mahaifiyarta maginiyar tukwane ce. Yara suka kewaye ta, ita ce ta koyar da sauran darasin, tana nuna musu kauri da ɗan yatsanta.

Kayan koyarwa kuwa suna kewaye da kai. Ga ɗakunan ƙabilar Musgum na wajen garin Pus, masu siffar ƙwai, waɗanda tudun zanen jikinsu shi ne matakalar magini kuma shi ne hanyar ruwan sama. Ga bangayen Gawi kusa da Njamena da mata suke yi wa zane. Ga allon zayyana da ake yi wa mai sauka, wanda raba fili da daidaita kusurwa ne tsantsa. In wani uba ya nuna damuwa game da zana abu mai rai, ka saurare shi da ladabi, ka nuna masa cewa a zayyana da surfani da dukanci da saƙa akwai aikin shekara guda ba tare da an zana ko ƙadangare ba. In kuma diraktan makaranta ne yake ganin ɓata lokaci ne, UNESCO ta yi manyan taruka a kan koyar da fasaha a Lisbon a 2006 da Seoul a 2010, takardunsu suna nan da Faransanci, wani lokaci hatimi yakan buɗe ƙofar da bayani bai buɗe ba.

Iyakar shawarata

Ni ba na cikin waɗanda za su zauna maka, kuma kowane sashe da ƙa'idarsa. Akwai inda aka yarda a raba maki tsakanin aikin hannu da rubutu, akwai inda rubutun kaɗai ake dubawa. Je ka nemi ƙa'idar a rubuce kafin ka sayi fata ko ɗaya. In rubutu kaɗai suke karɓa, ba a rasa komai ba: gwajin ya zama babin hanyar bincike da na sakamako, hotuna su shiga ciki, jakunkunan kuma ka shigo da su ranar a matsayin shaida. Ka sani kuma hanyar nan aiki biyu ce a lokacin aiki ɗaya, ga kuɗin fata da rini daga aljihunka, kuma na ga ɗaliban da daɗin ɗinki ya ɗauke su har wata biyu ya rage ba su rubuta shafi goma ba. Gwajin rana da hoton waya ma ba zai kai na ɗakin gwaji da na'urar auna launi ba, sai ka faɗi haka da bakinka a cikin aikin kafin a faɗa maka.

Kada ka koma wurin malamin da gardama. Rubuta shafi biyu: tambayarka a jimla ɗaya, abin da aka riga aka rubuta, abin da za ka gwada, da yadda wani zai maimaita shi. Kai masa, ka roƙe shi ya gyara. Baba kuwa ka ba shi matsayi a cikin aikin. In tsirukan sun sha rana, ka juya lambobinsu ƙasa, ka baza masa su a tabarma ba tare da ka gaya masa wanne ne wanne ba, ka ce ya jera su daga mai kyau zuwa marar kyau, ya gaya maka abin da yake dubawa. Ka yi haka da dukawa huɗu ko biyar, kowa shi kaɗai, ka rubuta inda suka haɗu da inda suka saɓa. Ka dai lissafa lokacinka da kyau: ranar da za ta gwada maka rini sosai ita ce ta Maris da Afrilu, lokacin da zafin Marwa yake haura digiri 40, don haka fatun su fito daga majema tun sanyi bai wuce ba.